Lissafin shago daban, na JAMB daban

Yaron da ya tashi a shagon mahaifinsa a Kazaure ko Babura yakan ɗauka jarrabawar shiga sashen koyon kasuwanci ba za ta gagare shi ba, tunda yana lissafa riba da ka. To, JAMB ba ruwanta da wannan. Tambaya 180 ce cikin awa biyu a kan kwamfuta: 60 na Turanci, sai Lissafi, Tattalin Arziki da darasi na huɗu, kowanne 40. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Shi ya sa nake ganin ɓata lokaci ne sabon shiga ya fara da haddace tsofaffin tambayoyi. Ya koma littafin lissafin ƙaramar sakandare, babu kunya a ciki, ya zauna da aljabara har ta kama hannunsa, yana karanta Turanci kullum da agogo a gabansa. Ɗalibin Roni ko Gwiwa da bai saba da kwamfuta ba kuwa, in Kwalejin Hussaini Adamu ko Jami'ar Bayero yake hari, ya shigo gari ya riƙa gwaji tun kafin a fara sayar da fom.