Gandun Letchworth Ba Daji Ba Ne da Ya Tsare Kansa

Kirari biyu ake yi wa gandun shaƙatawa na Letchworth, wanda ke yammacin jihar Niyok ta Amurka, kuma dukansu cutar wurin suke yi. Na farko shi ne laƙabin da aka manna masa, wai Grand Canyon na Gabas. Na biyu ya fi ɓarna, domin ya fi daɗin ji: cewa mai ziyara zai tarar da daji kamar yadda aka halicce shi, wanda hannun ɗan Adam bai taɓa ba.

Wurin kansa ba ya buƙatar ko ɗaya. Kogin Genesee, wanda ya taso daga Pennsylvania ya nufi arewa zuwa tafkin Ontario, ya ƙwaƙule kwazazzabo a cikin dutse, gandun kuma ya bi gaɓarsa tsawon kilomita 27. A wasu wuraren bangon dutsen ya kusa mita 170. Matsirga uku manya ne a kudancin gandun, ta tsakiyar ta fi tsayi da kimanin mita 33, wato kusan tsayi ɗaya da matsirgar Gurara ta jihar Neja. Hanyoyin tattaki sun haura kilomita 100. Laƙabin farko ba ya buƙatar doguwar muhawara: zurfin Grand Canyon na Arizona ya ninka wannan kusan sau goma, kuma duk wanda aka aiko da wancan ma'auni a kansa zai koma gida yana jin an yi masa ƙwange.

Batu na biyu shi ne abin tsayawa. Lokacin da William Pryor Letchworth, wani attajirin Buffalo da ya yi arziki da sana'ar ƙarfe, ya fara sayen fili a nan a 1859, gangaren kwazazzabon ya sha gatari. Masu katako sun riga sun sare manyan itatuwa, akwai kuma injin tsaga katako a bakin matsirgar tsakiya. Shi ya sa aka kawar da tarkacen, aka dasa itatuwa, aka shata hanyoyi a kewayen gidansa da ya kira Glen Iris. Inuwar da baƙo yake sha a can yau, yana yabon daji na asali, da yawanta shuka ce, kuma an san wanda ya biya kuɗin shukar.

Ruwan ma da kyar ya sha. A ƙarshen ƙarni na 19 wani kamfani ya sami izinin datse kogin a saman matsirga ta sama domin samar da lantarki, abin da zai bar ruwan da ke tsirgowa a hannun mai buɗe ƙofar dam da rufe ta. Letchworth ya tsufa, bai yi aure ba, ya kuma san cewa shingen mutum ɗaya ba ya daɗewa bayan an binne shi. Sai ya miƙa wa jiha eka 1,000 kyauta a 1906, jihar ta karɓa a farkon 1907, shi kuma ya rasu a 1910. Ana ba da labarin kamar na karamci kawai. Dabara ce ta wanda ya gane cewa kamfani zai iya jiran mutuwar mai fili, amma jiran mutuwar doka ya fi wuya.

Kada a ɗauka cewa dam ne mugun labarin. A ƙarshen gandun ta arewa akwai dam ɗin Mount Morris da injiniyoyin sojan Amurka suka kammala a 1952. Yawancin shekara ba ya tara ruwa, kogin wucewa yake yi ta ƙarƙashinsa. Amma a 1972, da guguwar Agnes ta kawo ambaliya, ruwa ya kusa cika shi, kuma shi ya tsare birnin Rochester. Kogi ɗaya, an hana dam a wani wuri, an gina a wani. Wannan zaɓi ne na mutane, an yi shi da gardama da lissafi.

Haka matakalan dutse da teburan cin abinci da gadar ƙafa da ke ƙetare kogin kusa da matsirga ta ƙasa. Matasa marasa aikin yi ne suka gina da yawansu a shekarun 1930, ƙarƙashin rundunar ƙwadago ta CCC da gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa lokacin karayar tattalin arziki. Sun yi aikin da kyau har ya saje da dutsen wurin, shi ya sa ba a ganinsa. Sakamakon gwaninta ke nan, a manta da gwani.

Mafi nauyin abin da tatsuniyar daji marar mutane take binnewa shi ne mutanen da ke wurin tun farko. Wannan kwari ƙasar ƙabilar Seneca ce. A 1779 rundunar Janar John Sullivan ta ƙone garuruwansu da gonakin masararsu a kwarin Genesee. A 1797, a yarjejeniyar Big Tree, suka sallama miliyoyin eka a kan dala 100,000, aka bar musu 'yan keɓaɓɓun filaye. Ɗaya daga cikin filayen, Gardeau, wanda wani yankinsa ke cikin gandun a yau, na Mary Jemison ne, Baturiyar da aka kama tana yarinya, ta girma cikin Seneca, ta ƙi komawa. Mafi yawan filin ya fita daga hannunta a 1823, ta kuma rasu a 1833 a wajen Buffalo. Letchworth ya sa aka dawo da ƙasusuwanta a 1874, bayan ya riga ya ɗauko wani tsohon zauren shawarar Seneca daga Caneadea ya kafa a kan tudu kusa da gidansa. Nufinsa adanawa ne, kuma ba don shi ba da zauren ya ruɓe. Duk da haka akwai abin da ke tsaya wa mutum a rai: an raba al'umma da ƙasarta, sannan aka ajiye zaurenta a lambun attajiri don baƙi su kalla. Mai yabon Letchworth da ya tsallake wannan bai fi mai tallar gaskiya ba.

Masu kare kirarin za su ce mutum ya zo hutu ne, ba darasin tarihi ba, kuma ruri da feshin ruwa sun ishe shi. Da abin ya tsaya a jin daɗi, da babu damuwa. Amma wanda ya gaskata cewa daji shi ke tsare kansa ba zai ga dalilin kuɗin shiga da ake karɓa a ƙofa ba, ba zai damu ba in an rage kasafin ma'aikatan da ke gyara hanya bayan zaizayar ƙasa, zai kuma ɗauki shingen bakin kwazazzabo a matsayin katsalandan, ya haura shi don hoto, alhali dutsen wurin mai ɓarewa ne, yana marmashewa a ƙarƙashin ƙafa. Baƙon da ya zo daga nesa kuma zai koma yana cewa ƙasar nan an yi mata baiwa. An yi mata, kamar yadda aka yi wa Gurara da Matsirgar Kafanchan. Abin da ya bambanta Letchworth takardar kyauta ce, da doka, da albashin masu share hanya fiye da shekara ɗari.

Mai son ganin haka da idonsa ya bar mota, ya bi hanyar bakin kwazazzabo mai tsawon kusan kilomita 11, wadda ta ratsa ta matsirga ukun. A saman ta farko zai ga gadar jirgin ƙasa da aka buɗe a 2017. Ita ce ta uku a wurin: ta katako ta 1852 ta ƙone a 1875, ta ƙarfe ta gaje ta, kuma da aka zo gina sabuwar sai aka yi ta baka guda, aka cire ginshiƙan tsohuwar daga cikin kogin.