Gogayya Ba Abokiyar Gaba Ba Ce

A darasin fiziks an koya mana cewa akwai ƙarfi iri biyu. Akwai wanda yake aiki daga nesa, kamar jan da ƙasa take yi wa mangwaro har ya faɗo, akwai kuma wanda sai abubuwa biyu sun taɓa juna, kamar turi, da jan igiyar guga, da gogayya. Na ƙarshen nan nake son in yi magana a kansa, domin na lura yawancin 'yan ajinmu suna ɗaukarsa ɓarna zalla, wai shi ke cinye takalmi, ya sa inji zafi. Ni ban yarda ba.

Ba don gogayya ba, da ɗan Adam ba ya iya ko taku ɗaya. Duk wanda ya taɓa taka siminti mai ruwan sabulu ya san haka. Tun shekarar 1699 wani masani ɗan Faransa mai suna Amontons ya bayyana cewa gogayya tana ƙaruwa daidai da yadda abubuwa biyu suke danne juna. Ga abin mamaki, faɗin wurin da suka haɗu ba ya ƙara ta. Ka kwantar da bulo ko ka tsayar da shi, jansa duk ɗaya ne.

To, 'yan'uwana, mu bar bulo mu koma kan titi. Birki yana riƙe taya ne kawai. Abin da yake tsayar da mota shi ne gogayya tsakanin taya da kwalta. Mu yi lissafi irin na aji. Ma'aunin gogayyar roba da busasshiyar kwalta wajen 0.7 ne, a jiƙaƙƙiya kuwa ya kan sauka zuwa wajen 0.4. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, in an taka birki, sai ta ci kimanin mita 20 kafin ta tsaya a busasshen titi. In an yi ruwa, kimanin mita 35. In direba ya ninka gudun ya kai 120, tazarar ba ninki biyu za ta yi ba, ninki huɗu ne, fiye da mita 80, ko da titin a bushe yake. Ba mu ma lissafa tafiyar da motar take yi kafin ƙafar direba ta kai kan birki ba.

Zanen da ke jikin taya kuwa ba ado ba ne, hanya ce da ruwa yake bi ya fita don roba ta samu ta kama kwalta. Tayar da ta cinye ta yi sumul, da damina kan ruwa take tafiya.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, ranar komawa makaranta in kun raka mu tasha, kafin a biya kuɗin mota a sunkuya a duba tayoyi. In sun yi sumul, a jira ta gaba, ko da ɗan kamasho zai yi tsaki.