Dikodar Da Ba Ta Cin Kuɗin Wata

'Yan'uwa manoma, in jam'iyyarku ta tara kuɗin shinkafa za ta sayi dikoda da dish domin ɗakin taro, shawararmu ita ce a sayi wadda ba a biyan kuɗin wata. Manomin Auyo ba ɗan albashi ba ne. Kuɗinsa sai kaka, sai kuma an yanke shinkafar rani. Shekarar da kogin Haɗeja ya cinye gonaki, kamar 2020 da 2022, wa zai biya? Tasha kamar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, kyauta ake kama ta.

Amma a duba kwalin tukuna. In ba a rubuta DVB-S2 ba, hoton nan garau da ake kira HD ba zai zo ba. Lalle kuma ta kasance da kafar USB, gama sa'ad da ake shirin noma ko hasashen damina muna can fadama. A sa filashi ya ɗauka, mu kalla tare ran Lahadi bayan sujada. Wadda batirin sola zai iya riƙewa ta fi mana.

Mai shagon da ya ce zai buɗe muku tashoshin biya a ɓoye, ku bar masa kayansa. Sata ce, kwana kaɗan kuma hoton zai ɗauke.