Inji Ya Buga: A Gyara Ko A Yanka?



Duk wanda ya zaga lungunan Maje ya ga abin da za mu yi magana a kai. Kusan kowane layi akwai motar da aka jingine a ƙofar gida, tayoyi sun sace, an tokare ta da bulo, ƙura ta rufe gilashi har yara na rubuta sunayensu a kai, awaki kuma sun sami inuwa a ƙarƙashinta. In ka tambayi maigidan, amsar ɗaya ce: "Inji ne ya buga, muna nan muna shiri." Wani ya shekara biyu yana wannan shirin.

Maganar ta taso ne da wani ɗan uwanmu mai jigilar ma'aikata zuwa Abuja ya kawo kukansa majalisa. Golf ɗinsa ta ɗau zafi a cunkoson Madalla. Ya ga allura ta hau, amma ya ce bari ya lallaɓa ya sauke fasinja a Zuba. Bai kai ba. Nan take majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce ya kira 'yan gwangwan su yanka ta ya huta, don motar da kuɗin gyaranta ya kai rabin kuɗinta ta zama rijiya. Wasu suka ce ya nemi rance ya sa mata inji, don da ita yake ciyar da mutum tara.

Mu dai ra'ayinmu shi ne, wancan lissafi na "rabin kuɗinta" lissafin zamanin da ya wuce ne. Ya yi daidai lokacin da mutum zai sayar da tsohuwa, ya ɗan cika kuɗi, ya aika Kwatano a kawo masa wata. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Dalar da take kusan Naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023, ta haura Naira 1,500 a 2024, kuma kowace 'yar Beljiyam da dala ake sayo ta, da dala ake lissafin kuɗin kwastan ɗinta. Ga fetur da ya tashi daga ƙasa da Naira 200 kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ya wuce Naira 1,000 a ƙarshen 2024, ya cinye ɗan abin da ake tarawa. Saboda haka tambayar da ta dace a yau ita ce: in na rabu da wannan, me kuɗin da ke hannuna zai saya mini? Sau da yawa amsar ita ce wata tsohuwar da mai ita ya gaji da ita, aka wanke, aka fesa fenti, aka zuba mata bakin mai mai kauri don ya ɓoye ƙarar inji har a gama ciniki. Taka kuwa ka san ciwonta.

Amma kada a ce mun ce kowace mota a gyara ta. Inji abu ne da ake iya sauyawa a jikin mota: a kwance shi, a ɗaga, a zura wani. Abin da ba ya sauyuwa shi ne gangar jikin. Kafin ka tambayi kuɗin inji, ka sa a hau da ita rami a duba ƙasanta da fitila. Shasi ya taɓa lanƙwasa an miƙe shi da wuta? Tsatsa ta ci inda ƙafafu suke zama? Giya tana shiga ba gardama kafin injin ya mutu? Wayoyin wuta suna nan yadda kamfani ya ɗaure su, ko masu gyaran wuta goma sun yi musu ɗinkin tsumma? Mu da muke bin hanyar Suleja zuwa Minna ta Dikko da Lambata, muna kuma raba kwalta da tankokin da ke zirga-zirga a daffon NNPC na nan Maje, mun san abin da ramuka suke yi wa ƙasan mota. In ƙasan ya tafi, sabon inji ba abin da zai ƙara mata sai gudun zuwa inda birki da sitiyari ba za su iya riƙe ta ba. Ga mai ɗaukar fasinja wannan ba maganar kuɗi ba ce kuma, maganar rayukan mutane ce, kuma za a tambaye shi.

In ganga lafiya take, sai a zo kan irin gyaran. A nan ne yawancinmu muke faɗawa rami, saboda son araha. Bakanike zai ce a buɗe injin, a sa sabon ringi da metal, a kai karanshaf a goge, kuɗin bai kai na sayen inji ba. Wani lokaci hakan na yi, musamman in an kashe motar da wuri kuma an sami mai injin gogewa da ya san awo. Amma injin da ya ƙone don bakin mai ya ƙare, ko zafi ya lanƙwasa kansa, sau da yawa wata uku ko huɗu ne sai hayaƙi ya dawo, a sake buɗewa, a sake biya. Araha ba ta ado. Ga motocin da suka cika gari, irin su Golf da Corolla da Camry da Sharon, gara a nufi Zuba ko Apo a ɗauko cikakken inji ɗan Beljiyam. Ka tafi da bakanikenka, amma kai ma ka je da ƙafarka. Ka sa a buɗe murfin sama ka ga ko ciki ya yi baƙin kwalta, ka duba ko an taɓa kwance kusoshinsa, don akwai injin gida da ake wankewa da fetur a sayar da sunan na waje. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, a rubuta kwanakin gwaji a kai. Garantin baki ba ya zuwa gaban kowa.

Sai abin da ake yawan mantawa. Inji ba ya bugawa haka kawai, wani abu ne ya kashe shi, kuma in ba a gano shi ba zai kashe na biyun. Lagireto da ya toshe da ruwan rijiya, fanka da ba ta tashi, tiyon ruwa da ya tsage, jabun bakin mai na bakin titi, ko fitilar mai da ta daɗe tana ci aka liƙe ta da salatif don kada ta dami ido. Wanda zai kashe kuɗin inji amma ya ƙi sayen lagireto, gara ma ya bar kuɗinsa a aljihu. Ɗan uwanmu mai Golf da aka matsa shi ya amsa cewa sati uku yana ƙara ruwa kullum da safe.

To, in an duba an ga ba ta da sauran amfani, ko kuma irin motar nan ce da kayanta sai an aika Ladipo a Legas a jira mako biyu, a rabu da ita ba tare da jin kunya ba. Sai dai kada a sayar cikin fushi. Mai saye a kilo ƙarfe kawai yake aunawa, alhali giya, ƙofofi, gilasai, fitilu, kwamfutar mota da abin nan na cikin salansa da ake kira indomi, kowanne da kuɗinsa a wurin masu sayar da kayan gyara. Ka ji farashi daga mutum uku kafin ka sallama. Ka cire lambarka, ka riƙe takardunka, a rubuta yarjejeniya da shaidu cewa don yankawa aka sayar. Lamba da takardun motar da aka yanka suna iya komawa jikin motar sata, ranar da aka kama ta kuwa sunanka ne a rubuce.

Abin da muke roƙon 'yan uwa su guje masa shi ne na ukun, wato jinginewa. Motar da aka ajiye ba ta tsayawa a yadda aka bar ta. Damina ɗaya ta isa ruwa ya kwanta a ƙasanta, ɓeraye su cinye wayoyi, birki ya kama, batir ya mutu, 'yan jari-bola kuma su riƙa rage mata kaya da daddare. Wadda inji kawai take nema a watan Maris, kafin Disamba ta zama ta kilo. Mun san akwai wadda ta gado ce, ko ita ce ta farko da mutum ya saya da guminsa, rabuwa da ita da ciwo. Duk da haka mutum ya ba kansa wata guda: ko a ga bakanike a ƙarƙashinta, ko a ga mai saye a kanta.

Mai Golf dai an hau da tasa rami, an tarar ƙasanta garau, giya ma lafiya. 'Yan adashinsu sun yarda su ba shi kwasar wannan watan, da sharaɗin lagireto zai fara saya kafin inji. Wanda ya sauya inji kuma kada ya manta ya je ofishin lasisi a gyara lambar injin a takardunsa, tun kafin jami'an VIO su tuna masa a bakin hanya.