Sharhi: Lokaci ya yi da matasan Maraɗi za su koyi karatun sama

Duk wanda ya fita Tibiri ko Jiratawa bayan magariba, nesa da fitilun birnin Maraɗi, zai iya ganin wani haske yana ratsa sama a natse, ba ƙara, ba ƙyaftawa. Sau da yawa tauraron ɗan Adam ne. A wannan zamani na fargabar tsaro, rashin sanin haka na iya sa a ɗauke shi jirgi marar matuƙi, kafin gari ya waye jita-jita ta cika WhatsApp.

Bambancewa ba ta da wuya. Jirgin sama yana da fitilu masu ƙyaftawa. Tauraron ɗan Adam kuwa hasken rana yake maidowa, shi ya sa ake ganinsa jim kaɗan bayan faɗuwar rana ko gabanin asuba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS, tana tafiya a nisan kusan kilomita 400, tana zagaye duniya cikin kimanin minti 90. Da ƙaramin madubin hangen nesa da hannu mai natsuwa, ana iya hango siffarta da faifanta masu tara hasken rana. Manhajoji irin su Heavens-Above da Stellarium suna faɗin lokacin da za ta wuce da kusurwar da za ta ɓullo.

Wannan ba wasan yara ba ne. Da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957, masu sha'awa ne cikin shirin Moonwatch suka taimaka wa masana wajen bin sawunsa da ƙananan madubai. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a harkar: Kano na cikin tashoshin da suka bi kumbon John Glenn a 1962.

Yau lamarin ya iso gida. A 2024 Nijar ta ƙulla yarjejeniya da Starlink, kuma ita da Mali da Burkina Faso sun tattauna da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan mallakar taurarin ɗan Adam. Ƙasar da ke da wannan buri tana bukatar 'ya'yan da suka san abin da ke shawagi a kanta, in ba haka ba za ta dawwama tana hayar masana daga waje.

Ya kamata Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta jagoranci kafa ƙungiyar masu duban sama, ta riƙa fitar da ɗalibai Tibiri da Jiratawa bayan damina, kafin ƙurar hunturu ta rufe sama. 'Yan Maraɗi mazauna ƙetare ma suna da rawar takawa: madubi guda da aka aiko wa tsohuwar makaranta zai ishi ajujuwa da dama.

Manoman Gobir da Katsina sun daɗe suna lissafin damina da Kaza da 'Ya'yanta. Jikokinsu masu waya a hannu sun fi su kayan aiki, saura wanda zai koya musu.