Nasarar Rivers Hoopers: Kano ta riga su, mu ne muka saki igiyar



Ranar 31 ga Mayun 2024, a Kigali babban birnin Ruwanda, ƙungiyar Rivers Hoopers ta Fatakwal ta lallasa Cape Town Tigers ta Afirka ta Kudu da maki 80 da 57, ta zo ta uku a gasar ƙwallon kwando ta Afirka da ake kira BAL. Tazarar maki 23 ba sa'a ba ce. Babu wata ƙungiyar Najeriya da ta taɓa kaiwa wannan matsayi tun da aka fara gasar a 2021, kuma kocinsu Ogoh Odaudu ne aka zaɓa gwarzon koci na shekarar. Muna taya su murna.

Amma ba murna ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Wata magana ce da ake yawan yi a majalisunmu, wai ƙwallon kwando wasan 'yan kudu ne da 'ya'yan 'yan boko, mu ba ruwanmu. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ita ce take sanyaya wa yaranmu gwiwa.

Mai wannan magana ya manta cewa shekara takwas kafin Hoopers, a 2016, Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta je Alƙahira ta ɗauko lambar tagulla a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka. Ya manta cewa Pillars ce ta lashe gasar Najeriya a 2013 da 2014, ta sake ɗauka a 2016. A wancan lokaci 'yan Legas da Fatakwal ne suke fargabar haɗuwa da Kano. Ya manta da Zariya, inda Koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello, ya horar da matasa shekara da shekaru. A Zariyar nan Masai Ujiri ya tashi, mutumin da ya shugabanci Toronto Raptors har ta ɗauki kofin NBA a 2019. Shi kuwa mai cewa wasan bai dace da tarbiyyarmu ba, ya tuna Hakeem Olajuwon, wanda ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, yana kuma buga wasa da azumi a bakinsa cikin Ramadan.

To me ya faru? Rigima da sakaci. A 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta dare gida biyu: wani zaɓe a Kano ya ba Tijjani Umar, wani a Abuja ya ba Musa Kida. Manya suna ja-in-ja a kan kujera, gasar cikin gida ta dinga tafiyar hawainiya, masu ɗaukar nauyi suka ja jiki. A 2022 Najeriya ba ta da wakili ko ɗaya a BAL. A wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga wasannin duniya, matanmu D'Tigress suka rasa gurbinsu na gasar kofin duniya, aka ba Mali, sannan daga baya aka janye matakin. An yi sakiyar da babu ruwa.

Rigimar ta shafi kowa, kudu da arewa. Bambancin shi ne Fatakwal ba su watsar da ƙungiyarsu ba. Sun je BAL a 2021 an fitar da su tun zagayen rukuni, ba su kori kocinsu ba, ba su rufe fili ba. Sun dawo sun ci gaba da gini. Mu kuwa da ruwa ya ƙare sai muka ce dama ba mu iya iyo ba.

Yanzu mu dubi kakar da ke tafe. Zakaran gasar Najeriya ne yake samun tikitin BAL kai tsaye. Hoopers za ta shiga da koci wanda ya san 'yan wasansa, da gogewar karawa da manyan ƙungiyoyin Afirka, da sunan da zai jawo mata ƙwararru. Ƙungiyoyin rukunin Savannah irin su Kano Pillars da Gombe Bulls da Plateau Peaks, in har za a ci gaba da tattaro yara ana gobe wasa, ba sai an yi duba ba kafin a san inda tikitin zai tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwara Falcons ta gwada a 2023, ta je BAL ta dawo ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Cin kofin gida daban, tsayawa a gaban Afirka daban.

Wani zai ce, mu a Lafia ina ruwanmu, ga Nasarawa United muna kallo? Ruwanmu shi ne yaran da ke zaune a bakin titi daga la'asar zuwa dare, da waya a hannu, wasu har sun fara shaye-shaye. Ƙwallon ƙafa ba za ta ɗauke su duka ba. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Filin ƙwallon ƙafa ɗaya zai ɗauki irinsa kusan 17. Siminti ne da ƙarfe biyu da kwando biyu, yara goma su shiga a lokaci guda, wasu goma suna jiran layi. Kuɗin da muke kashewa a kan rumfa da kujerun haya a taro ɗaya zai sayi buhunan siminti masu yawa.

Shawarata ga 'yan ƙungiya ita ce, a zamanmu na gaba mu sa wannan batu a ajanda. Mu nemi makarantar firamare ɗaya da za ta ba mu gefen fili, mu tara abin da ya sawwaƙa, mu roƙi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafia da na kwalejin fasaha ta Isa Mustapha Agwai waɗanda suka iya wasan su riƙa koya wa yara a ƙarshen mako. 'Yan mata ma a ware musu lokacinsu da mai koyarwa mace. Sai mun yi namu za mu sami bakin zuwa gaban hukuma mu ce ta yi nata.

Wanda yake ganin ba haka ba, ya kawo hujjarsa a ƙasa, za mu karanta. Amma don Allah a daina cewa ba wasanmu ba ne. Tagullar Alƙahira tana Kano.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon yin abin da zai amfane su.

Sakataren Ƙungiya,
Lafia, Jihar Nasarawa