Tarin Da Ba Shi Da Suna

Da zarar hunturu ya sauka a ƙasar Daura, kowane tari sai a ɗora wa sanyi da ƙura laifinsa. Alhali akwai wani busasshen tari, mai zazzaɓi da sarƙewar numfashi, wanda wata ƙwaya dangin fumfuna kan haddasa a huhun mai cutar ƙanjamau idan garkuwar jikinsa ta raunana. Shi ne ya fara tona asirin cutar a Amurka cikin 1981. Maganin Septrin, mai araha, yana hana shi. Abin takaici, Bahaushe ba shi da sunan kiransa, har akan ɗauke shi tarin fuka. Wajibi ne masana Hausa su raɗa masa suna, domin malaman Babban Asibitin Daura su sami abin faɗa wa majinyata.